Wa Ke Tsara Mana Abin da Za Mu Sa a Gaba?

Ka tare kowane magidanci a ƙofar masallaci ka tambaye shi abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsa, ba zai yi dogon tunani ba. Zai ce maka ibada, sai lafiya, sai iyali da karatun yara, sai kuma ya rabu da iyayensa lafiya. Ka sa a tambayi matarsa a cikin gida, kusan jerin da za ta bayar ke nan. Ba ƙarya suke yi ba, har cikin zuciyarsu haka abin yake. Amma da za a zauna a bi diddigin inda kuɗin gidan suka shiga daga waccan babbar salla zuwa wannan, da inda yinin maigidan yake ƙarewa, wani jeri daban zai fito. Bikin ƙanwa zai zo a sama, sai kayan salla, sai ankon da aka yi ta ɗinkawa, sai sabuwar waya. Awon jini bai samu ko sisi ba. Kuɗin makarantar zango na uku da bashi aka biya, bayan an koro yaran gida. Tsohuwa tana ƙauye, rabon da a je gaishe ta tun azumi.

Tsakanin abin da baki ke faɗa da abin da aljihu ke yi akwai tazara, kuma a ganina a cikin wannan tazarar ne damuwar yawancinmu ta yi gida. Mutum ya san abin da ya dace, yana kallon kansa yana aikata wani abu daban, kuma bai ga ta inda zai zame ba. Masu nasiha sukan ce rashin tsari ne, ko neman suna, ko raunin imani. Akwai wannan. Sai dai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa mutane masu hankali, masu tsoron Allah, waɗanda a kasuwa ba a cutar su ko da kwabo, suke faɗawa rami ɗaya shekara da shekaru ba.

Buƙatun rayuwa ba murya ɗaya gare su ba. Wasu suna zuwa da rana tsayayya da shaidu. An sa ranar aure, an raba goro da alewa, dangi sun ji, maƙwabta sun ji. Suna rana ta bakwai ne, ba ya jiran albashi. Salla tana da wata, kuma yaran unguwa duk za su fito da sabon ɗinki. Wanda ya gaza a nan, a bainar jama'a ya gaza, kuma nan take zai ji a jikinsa. Wasu buƙatun kuwa ba su da rana, ba su da shaida. Babu wanda zai san ba ka sha magani ba yau. Babu wanda zai yi gulmarka don ba ka zauna ka duba littafin ɗanka ba, ko don ka ɗage zuwa gaishe da mahaifiyarka zuwa wani satin. Biki yana da maroƙin da ke tsaye a ƙofar gida yana kiran sunanka, hawan jini kuwa ba shi da maroƙi. Duk lokacin da biyun suka haɗu a kan kuɗi ɗaya, mai maroƙin ne ke tafiya da su.

Mu leƙa gidan da aka sa ranar 'yarsu, saura wata biyu. Uban ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, likita ya ɗora shi a kan ƙwayar hawan jini ɗaya kowace safiya. Da dare bayan isha'i uwar ta kawo masa tuwo ta zauna a gefen tabarma. "Malam, kafinta ya aiko. Ya ce in ba a ba shi rabin kuɗi satin nan ba, ba zai fara aikin gadon ba. Ga kujeru ba mu ce komai ba, ga kayan kicin. Yaya ma ta bugo, ta ce kada mu yarda yarinyar nan ta shiga dangin miji da abin da za a riƙa yi mata gori." Shi kuwa sai ya ce, "To, Allah zai rufa asiri." Washegari ya girgiza kwalin maganinsa, saura ƙwaya uku. Ya bi ta gaban kyamis a kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya rage tafiya, ya tuna kafinta, ya wuce. A ransa ya ce ai ba ya jin ciwon komai, bayan biki sai ya ci gaba da sha. Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan. Uwar tana kare mutuncin 'yarta, uban yana sauke nauyin da Allah ya ɗora masa. Amma an ɗauki lafiyar mai ciyar da gidan an musanya da gado, ba tare da kowa ya furta cewa cinikin da ake yi ke nan ba.

Wannan ba ƙaramin caca ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan 46 cikin 100 na manyan da ke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba, domin ciwo ne da kan daɗe bai nuna alama ba, sai ranar da ya taɓa ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. A Nijeriya kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa kai tsaye. Ma'ana, ranar da abin ya faru, gadon da kujerun da gonar gado duk suna iya tafiya a kuɗin asibiti, kuma gidan ya rasa mai nema.

A da ana iya haɗa hidimar biki da sauran buƙatun gida a lallaɓa. Abin da ya faru daga 2023 ne ya tona asirin tsarin. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Tun ma kafin wannan, rahoton hukumar na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma wajen miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Kuɗin shiga ya tsuke, amma yawan akwatin lefe bai ragu ba, kwanakin biki ba su ragu ba, sai ma sababbin shagulgula da hotunan kafin aure da aka ƙara a kai. Kiɗa ya canza, rawa tana nan yadda take. Gibin kuwa daga abubuwan da ba su da shaida ake cike shi: a rage nama a miya, a mai da yaro makarantar da ta fi araha ko a bar shi a gida zango ɗaya, a bar awon ciki, a sayi rabin magani.

Amsa mai sauƙi ita ce a ce a bar bidi'a, a soke biki, kowa ya ji da gidansa. Ina jin wannan amsar a wa'azi da rediyo da Facebook, kuma ban gamsu da ita ba, domin ta jahilci aikin da biki yake yi a rayuwar talaka. Matar da ta kai gudummawa gidan suna ba zubar da kuɗi ta yi ba. A tsarin biki na mata, abin da kika kai ana riƙe da lissafinsa, ranar naki sha'anin za a dawo miki da shi, sau da yawa ma a ninka. Wannan ajiya ce a wurin da babu banki, kuma inshora ce a ƙasar da inshora ba ta kai ga yawancin mutane ba. Wanda ake gani a ɗaurin aure da jana'iza da dubiya shi ne za a taru a kansa ranar da gobara ta cinye shagonsa. Kayan ɗaki ma ba ado kawai ba ne: dukiyar yarinya ce ta kanta, in rana ta ɓaci ita za ta ɗaga ta sayar, in aure ya mutu da ita za ta fita. Uwar da ta shekara goma tana tara kwanuka da kuɗin ƙuli-ƙuli ta san abin da take yi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun ba da rahoto a 2007 cewa a yankin Udaipur na Indiya, cikin gidajen da ke fama da matsanancin talauci, matsakaicin gida yana kashe kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa na shekara a kan bukukuwa, kuma kusan babu gidan da bai kashe wani abu a aure ko jana'iza ko bikin addini ba. Mutanen da abinci bai ishe su ba ne suke wannan. Ba a ce dukansu wawaye ne ba. Ɗan Adam yana buƙatar ranar farin ciki da wurin zama a cikin jama'a kamar yadda yake buƙatar tuwo.

Ɗaya daga cikin binciken da suka fi daɗewa a kan jin daɗin rayuwa ma nan ya karkata. A 1938 Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bibiyar rayuwar wasu samari, daga baya aka haɗa da wani rukuni, jimilla mutum 724: ɗalibai 268 na jami'ar, da yara 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston. An bi su shekara da shekaru ana duba lafiyarsu, da aikinsu, da zaman aurensu, har suka tsufa, yanzu ma ana bin 'ya'yansu. Babban abin da masu binciken suka fitar shi ne kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi ya fi dukiya da suna nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar rai. Sun ce gamsuwar mutum da zamansa da mutane yana ɗan shekara 50 ta fi awon kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80. Gaskiya ne waɗannan duk maza ne, kuma Amurkawa, ba za a ɗauki rayuwarsu a auna tamu kai tsaye ba. Amma abin da suka gano bai saɓa wa abin da kakanninmu suka sani ba da suka ce mutum rahama ne. Don haka wanda ya ce mu yanke zumunci don mu tara kuɗi ya ba mu shawarar sayar da abu mafi tsada da muka mallaka.

Sai dai a lura da abin da binciken ya auna. Ya auna ko kana da wanda za ka kira da tsakar dare in ciwo ya kama ka, ko kana iya buɗe cikinka ga matarka, ko kana da aminin da ba ka jin kunyar ya ga gazawarka. Bai auna yawan motocin da suka raka amarya ba. A nan ne muke cakuɗa abu biyu da suka yi kama a ido: zumunci, da nuna wa jama'a. Zuwa biki zumunci ne. Ɗinka anko na musamman ga kowane zama cikin zama biyar na biki ɗaya wani abu ne daban, har ma yakan raba zumuncin, domin 'yar'uwar da ba ta da kuɗin atamfar sai ta ƙirƙiri ciwon kai ta zauna a gida. Lefe a asalinsa suturar amarya ce. Da ya koma akwatin da ake buɗewa a tsakar gida ana ƙirga turame ana ɗaukar bidiyo, ya tashi daga hannun ango da amarya ya koma hannun 'yan kallo, kuma 'yan kallo ba sa ƙoshi, ba kuma su ne za su biya bashin ba.

To ta yaya mutum zai gane iyakar? Malaman usulu, masu nazarin tushen hukunce-hukuncen shari'a, sun daɗe da shimfiɗa ma'auni, kuma wanda ya fi fito da shi fili malamin Malikiyya ne, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa: Imam Shaɗibi na Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, daidai da 1388. Ya kasa maslahar ɗan Adam hawa uku. Akwai larura, wato abin da in babu shi rayuwa za ta rushe: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Akwai buƙata, wadda rashinta ba ya kashewa amma yana jefa mutum cikin ƙunci. Sai ƙawa, abin da ke ƙara wa rayuwa kyau da mutunci. Bai ce a zubar da ƙawa ba, shari'a ma tana son ta. Ƙa'idar da ya kafa ita ce duk abin da aka kawo don ya cika wani abu, in riƙo da shi zai rusa asalin abin, to ba a riƙo da shi.

Wannan ƙa'idar ta fi dogon wa'azi amfani, domin tana ba mutum tambaya guda da zai yi wa kowane kashe kuɗi: wannan abin don me aka kawo shi, kuma yanzu yana raya wancan ne ko yana cin sa? An kawo lefe don ya ƙawata aure. In ya zama saurayi mai sana'a da budurwar da ke son sa sun shekara huɗu suna jira saboda akwati, ƙawa ta cinye asali. An kawo kayan ɗaki don yarinya ta zauna da daraja. In an sayar da gonar da ƙannenta za su ci, ko an cire ta daga aji biyar na sakandare don kuɗin jarrabawa ya tafi wurin kafinta, an rage mata daraja ta gaske an ba ta ta katako. Walima sunna ce, Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi ta ko da da akuya ɗaya. In ango ya shiga ɗakin amarya da bashin da zai hana shi cefane wata shida, walimar ta ci amarcin da aka yi ta dominsa.

Abin ya shiga har cikin ibada, kuma a nan ne ya fi wuyar faɗa. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda, ya tarar da matarsa cikin tufafin da ba na ado ba. Da ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Aka kawo abinci, Abu Darda ya ce yana azumi, Salmanu ya ce ba zai ci ba sai ya ci. Da dare ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya ce masa Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowane mai hakki hakkinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Abu Darda ba saɓo yake yi ba, nafila yake yi. Duk da haka aka dawo da shi, saboda wani hakki na cikin gida da ba ya ƙara yana tauyuwa.

Mu ɗora wannan a kan halinmu. Hajji sau ɗaya ya wajaba a rayuwa, ga mai iko. Kujerar 2025 ta haura naira miliyan 8. Wanda bai taɓa zuwa ba, Allah ya hore masa, ya tafi, farilla ce. Amma mai shirin zuwa na biyar, ko wanda ba ya fashin Umrar azumi, alhali 'ya'yan ƙaninsa marigayi sun bar makaranta, ko yaran shagonsa suna bin sa albashi, ya kamata ya zauna da malamin da ba ya jin nauyinsa ya tambaye shi wanne ya fi. A cikin Sahihu Muslim an jera dinarin da aka kashe a tafarkin Allah, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da na ciyar da iyali, aka ce na iyalin ya fi lada. Layya ma a wurin malamanmu sunna ce ga wanda kuɗinta ba za su takura shi ba. Amma rago ana ɗaure shi a ƙofar gida kowa ya gani, kuɗin makarantar maraya kuwa daga kai sai Allah. Ko a nan mai shaida ne ke rinjaye.

Sai lokaci, wanda ya fi kuɗi saurin zubewa don ba a ƙirga shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa yakan fita yara suna shirin makaranta, ya dawo bayan magariba, ya ci abinci, ya fita majalisa sai sha ɗaya. In ya shigo, waya ce a hannunsa har barci ya ɗauke shi. Ka tambaye shi don wa yake wannan wahala, zai ce don yaran nan, kuma da gaske yake. Amma ɗansa mai shekara goma sha huɗu ya san sunan duk 'yan ƙwallon Ingila bai san labarin kakansa ba, uban kuma bai san da wa yaron yake yawo ba. Ranar da aka kira shi aka ce an ga yaron da kwalbar maganin tari, sai ya ce me na rage shi da shi? Bai rage shi da abinci ko sutura ba. Shekarun da yaro yake son ya zauna kusa da ubansa kaɗan ne, kuma ba sa sanar da ranar tafiyarsu. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal yana da uzuri, nisa ne ya raba shi da gida. Wanda ke kwana a gida kullum amma hira da iyalinsa ba ta kai ta mai shayi tsawo ba, shi ne abin tausayi.

Ba ina cewa nema ba shi da muhimmanci ba ne. Masu cewa kuɗi ba ya kawo farin ciki galibi ba su taɓa kwana da yunwa ba. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun nazarci amsoshin Amurkawa sama da 450,000, suka ga walwalar yau da kullum tana ƙaruwa da ƙaruwar samu har zuwa wajen dala 75,000 a shekara. Da aka sake duba batun a 2023 tare da Matthew Killingsworth, sai aka ga ga yawancin mutane tana ci gaba da hawa ko bayan nan. Abin da duka nazarin biyu suka haɗu a kai shi ne ƙarin naira ɗaya ya fi yi wa marar shi aiki nesa ba kusa ba. Fita daga rashi zuwa rufin asiri babban tsalle ne. Daga rufin asiri zuwa sama kuwa, sai an ninka samu kafin a ji ɗan bambanci, kuma sau da yawa da barci da lafiya da zaman gida ake biyan ninkin. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ambaci abu uku: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Mutumin Zamfara ko Katsina da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa ya fi kowa sanin dalilin da ya sa aminci ya zo farko a jerin.

Akwai kuma wata gaskiya da masu ba talaka shawarar ya tsara rayuwarsa suke tsallakewa. Rashi da kansa yana cin tunani. A wani nazari da aka buga a 2013, Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya yi yawa, da kuma bayan an biya su kuɗin rake. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari sosai a gwajin kaifin tunani bayan girbi. Kan da ke cike da lissafin abincin dare ba shi da sararin lissafin shekara biyar. Don haka zargin talaka da rashin hangen nesa zalunci ne a kan zalunci. Amma binciken ya nuna wata ƙofa: akwai lokacin da kai yake sarari, kuma a lokacin ya kamata a yanke manyan shawarwari.

A wurin manominmu wannan lokacin kaka ne, kuma a nan ne ake yin ɓarnar. An cika rumbu, sai bukukuwa su taso a jere, domin kowa kaka yake jira ya aurar ko ya ƙara aure. A ɗebi gero da wake a kai kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, farashi a ƙasa, 'yan Dawanau su saye su adana. Watan Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, ga aikin gona, ga zazzaɓin damina ya kwantar da yara, sai manomin ya koma sayen hatsin da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da buhu a kaka mai zuwa. Manoman da na ga sun tsira daga wannan zagayen ba sun fi sauran samu ba ne. Tun ranar sussuka suke ware na ci har sabuwar kaka, da iri, da na taki, su rufe, abin da ya saura shi ne na sha'ani. Ma'aikaciyar da ta shiga adashin da kwasarsa ke faɗowa farkon zangon makaranta ita ma dabarar ke nan: ta ba karatun 'ya'yanta rana tsayayya da uwar adashi mai bibiya, ta yadda in biki ya taso zai tarar an riga shi. Haka mai biyan kuɗin taimakekeniyar lafiya duk wata, haka wanda ya ce wa abokan majalisa daren Juma'a na mahaifiyarsa ne har suka daina neman sa. Niyya kaɗai ba ta iya ja da abin da ke da rana da shaidu, sai an yi wa abin da ake so nasa ranar da nasa shaidun.

Saura wani ƙulli da mutum ɗaya ba zai kwance ba. A ƙasar Hausa ba kai kaɗai kake tsara abin da za ka sa a gaba ba. Akwai Hajiya, akwai gwaggo, akwai surukai. Kuma kunyar ƙaramin biki ba a kan maigida take sauka ba. Shi zai tafi kasuwa, matarsa ce za ta zauna cikin mata ta ji habaici, 'yarsa ce za ta zauna da facaloli da dangin miji suna leƙa ɗakinta. Namijin da ya buga ƙafa ya ce ba zai yi bidi'a ba, bai zauna ya ji wannan ba, ya sayi kwanciyar hankalinsa ne da mutuncin matan gidansa. Maganar tana buƙatar zama tun kafin a sa rana, da iyayen ango da na amarya a wuri ɗaya, a faɗi abin da za a iya da wanda ba za a iya ba, a kuma sa manyan matan dangi biyun a ciki, domin su ne za su tare bakin mutane.

Dokar hukuma tana iya taimakawa, amma ba ta isa ba. Ƙasar Tajikistan ta kafa doka a 2007 da ta ƙayyade baƙin ɗaurin aure a mutum 150, da tara ga wanda ya ƙetare. A Kano, auren gata da gwamnati ta fara a 2012 ta hannun Hisba, wanda a Oktoban 2023 aka aurar da ma'aurata 1,800 a cikinsa, ya nuna a aikace cewa da sadaki da gado da katifa da ɗan jari aure yana ɗauruwa ya zauna. Sai dai ana kallon sa a matsayin na marasa hali, don haka bai sauya ma'aunin masu matsakaicin ƙarfi ba, waɗanda su ne suka fi shan wuyar gasar. Ma'auni daga sama yake gangarowa. Malamin makaranta yana kwaikwayon darakta, darakta yana kwaikwayon ɗan majalisa. In talaka ya taƙaita biki za a ce babu ce ta sa. In attajirin da kowa ya san ƙarfinsa ya aurar da 'yarsa da akwati biyu da walimar yini ɗaya, ya sa sauran kuɗin a karatunta ko jarinta, babu bakin da zai ce rashi ne, kuma gidaje da yawa a unguwar za su samu abin kafa hujja ranar da gwaggo ta zo da lissafinta. Masu hali da sarakuna da malaman da ake gayyata ɗaurin aure su ne ke da wannan damar, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka yi amfani da ita zuwa yanzu.